Dutsen Sisifus da ɗan ƙanwata

Shekaranjiya muna cin tuwo, ɗan ƙanwata ya tsame hannu ya ce, "Kawu, ni fa ba zan rubuta jarrabawar nan ba, rayuwar ma ba ta da ma'ana." Wai wani guntun bidiyo ya gani a TikTok a kan Albert Camus, wani marubucin falsafa Bafaranshe. Gabana ya faɗi, domin bakina ne na da nake ji a bakinsa.

Ina aji biyu a jami'a rubutun da Camus ya fitar a 1942 ya faɗo hannuna, a kan Sisifus na tatsuniyar Girkawa, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni, da ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro, ya koma ya sake. Na ce ai ni ne wannan. Na daina shiga aji. Ina miƙe a katifa, shayi ya huce a kofi har ƙuda ya faɗa, ina yi wa masu rige-rigen zuwa lacca kallon tumaki. Shekara guda na maimaita, kuɗin kuma geron babana ne. Ba zan ce duka shirme ba ne, don a shekarar yayana ya rasu, kowa kuma "sai haƙuri" kawai yake ce mini. Tambayoyina na gaske ne. Amma fa akwai lalaci, rawani kawai na naɗa masa.

Abin da na tsallake shi ne, mai maganar, wato Camus, bai kwanta ba. Ubansa ya mutu a yaƙin 1914, uwarsa aikatau take yi a Aljeriya, tarin fuka ya kama shi yana ɗan shekara 17. Duk da haka har jaridar ɓoye ya riƙe lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Shi Sisifus ɗin ma ai gangarowa yake yi ya sake kama dutsensa.

Na so in jero muku shawarwari, samari, amma ba su da yawa. Ku je ku rubuta jarrabawarku. Falsafar nan ku bar ta sai kun kai talatin. Ko kuwa a'a, ku karanta, amma har shafin ƙarshe, ba rabi irin nawa ba. Mu dai da littafi muka lalace, ku da bidiyon minti ɗaya! Haba.

Na ɗago in ga ko ta shige shi, ashe yaron tuni ya koma kan wayarsa.