Godiya ga mutanen Tula da abokan tafiyata

Alhamdulillahi. Yau kwana biyar da dawowarmu, kuma sai yanzu hannuna na dama ya saki har nake iya riƙe waya. Ga duk waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni, jiki da sauƙi sosai, babu karaya.

Mu shida ne muka shirya wannan tafiya: mu hau dutsen Tula a kan kekuna, mu gangaro, mu miƙa ƙasar Waja har madatsar ruwa ta Balanga. Tun daren Juma'a a-kori-kura ta kwashi kekunanmu daga Gombe, ta bi Kumo da Billiri, muka kwana a Kaltungo. Muna idar da sallar Asuba muka ɗaura hular kwano muka ɗau hanya.

Wanda bai taɓa hawan Tula da ƙafarsa a kan feda ba, ba zai gane ba. A mota kwana-kwana kawai kake gani. A keke kuwa, kowace kwana ka sha sai ka tarar da wani hawan yana jiranka. Na sauke giya har ta ƙare, numfashi ya koma ta baki, gumi na shiga ido. Amma idan ka ɗaga kai sai ka ga gonakin da mutanen nan suka yanka a jikin dutse hawa-hawa, an jera duwatsu an tare ƙasa don kada ruwan sama ya tafi da ita, dawa ta fid da kai tana rangaji. Na ce a raina, mutanen da suka noma wannan wuri kaka da kakanni, ai ba ƙananan jarumai ba ne. A saman muka huta, muka leƙa wajen tsohon gidan yarin da ke nan tun zamanin Turawa, muka sha iska mai sanyin da ba ma samu a cikin Gombe.

A gangarowa abin ya faru. Wayar birkin baya ta tsinke daidai wata kwana mai tsakuwa, na damƙe na gaba, taya ta zame, sai ga ni a ƙasa ina jan kafaɗa a kan kwalta. Abokaina huɗu sun riga sun yi nisa, ɗaya ne kawai a bayana.

Godiyata ta farko ga wata dattijuwa ce da ke dawowa daga gona da ƙwarya a ka. Ba ta tambayi ko ni wane ne ba. Ta sauke kayanta, ta wanke mini ciwon da ruwan da ta ɗebo don shanta, tana cire tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da farce, tana cewa, "Sannu ɗana, cije, saura kaɗan." Da ta ga jinin ya ƙi tsayawa sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini gwiwar hannu. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna ta yi magana da yarensu, wani yaro ya fassara mini: wai uwa ba ta karɓar ladan wanke ciwon ɗanta. Mama, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Sai ɗan acaɓan da ya sauke fasinjansa da yardarsa, ya kai ni kemis aka sa mini magani da bandeji, ya koma ya ɗauko keken a kafaɗa. Da Baba mai faci, wanda ba shi da wayar birki irin ta kekena, amma ya zare ta jikin nasa keken, ya daidaita ta da filaya, ya gyara gaban da ya karkace, sannan ya hau ya gwada da kansa sau biyu kafin ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, birki biyu ake kamawa tare a gangara, a hankali, tun kafin a shiga kwana." Na ji, Baba, na kuma riƙe.

Abokan tafiyata, kun sake hawo dutsen da kuka riga kuka sauka don nemana. Kun ce a fasa, na roƙe ku mu ƙarasa, kuka sa ni a tsakiya kuna rage gudu saboda ni har La'asar ta kawo jiki. Yayanmu jagoran tafiya, kai ka ɗauki jakata a kan taka. Ban manta ba.

Da ruwan Balanga ya bayyana a gabanmu, shimfiɗe tsakanin duwatsu, rana tana faɗa masa, babu wanda ya yi magana. Muka yi alwala a bakin ruwa muka yi sallah. Masunta biyu da suka fito da kwale-kwale suka ga bandejin, suka gasa mana karfasa, suka ƙi faɗin kuɗinta. Na gode muku. Na gode wa direban da ya zagayo ya kwashe mu da dare, da mai ɗakina da ta kwana tana gasa mini kafaɗa da ruwan zafi.

Duk wanda ke Tula ya karanta wannan, don Allah ya isar wa Mama: ɗankwalinta yana wurina, an wanke an goge. In Allah ya yarda Asabar mai zuwa zan kawo mata da kaina, tare da sabuwar wayar birkin Baba.