Ranar da na mayar da fuskokin ɗalibai kamar faifai

Wata makaranta ce ta ba ni aikin haɗa katin shaidar ɗalibai, hotunan duk da waya aka ɗauko su, pixel (ɗigon hoto) 3000 a faɗi 4000 a tsaye, gurbin hoton a jikin katin kuma 300 ne ta kowane ɓangare. Ni kuma da gaggawata sai na buɗe manhajar rubuta shirin kwamfuta ta Python da kayan gyaran hotonta Pillow na buga umarnin sauya girma resize((300, 300)) na sake shi ya bi ta kan hotunan gaba ɗaya, ko guda ban buɗe na duba ba, na tafi la'asar abina.

Da na kai samfur, shugaban makarantar ya ɗaga kati ɗaya ya kalla, ya kalle ni, ya ce "Malam, anya yaronmu ne wannan? Yaron da ko tsoka babu ka yi masa kumatu haka?" Wallahi kowa fuskarsa ta baje.

Ashe ita resize ba ruwanta, lambar da ka ba ta ita za ta bi ko mutum zai koma kwaɗo. Faɗi ya ragu sau 10, tsayi kuma sau 13 da ɗoriya, to dole a matse mutum. Lissafin ma ba wani abu ba ne, ka raba 300 da faɗi ka samu 0.1, ka raba da tsayi ka samu 0.075, sai ka ɗauki ƙaramin ka ninka duka biyun da shi, hoto ya fito 225 da 300, kowa da kamanninsa. Sauran filin gefe ka cike da fari. Na gwada ImageOps.fit don ya cika gurbin, shi kuma datsewa yake daga sama da ƙasa, hulunan wasu suka tafi.

Thumbnail, wata hanyar rage girman hoto a Pillow, na yin lissafin nan da kanta, amma ita ma sai da ta ci min kusan awa guda, don na rubuta img = img.thumbnail, ashe a jikin hoton take gyaran, None, wato babu komai, take dawo maka da shi.

Ina murna na gama sai ga wasu hotuna a kwance. Waya ce ke ajiye hoton yadda ya shigo ta rubuta a EXIF, wato bayanan da ke maƙale a fayil ɗin hoton, cewa a juya shi, Pillow kuma ba ta juyawa sai ka kira exif_transpose kafin ka taɓa girman. Daren ranar sai da na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da idona kafin na sake tura su wurin bugawa.