Tambayar da ta sauya mini darasin haƙƙin ɗan Adam

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Maradi, kuma duk shekara idan muka iso kan Majalisar Ɗinkin Duniya nakan jero wa ɗalibai labarin yadda na same shi. An kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 1946, mutuncinta ya zube a idon mutane da yawa bayan Libiya ta Gaddafi ta shugabance ta a 2003, sai Kofi Annan, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi a rushe ta, aka maye gurbinta a 2006 da majalisa mai kujeru 47 a Jeneba, 13 daga cikinsu na Afirka. Daga nan nakan kawo gardamar jakadu: na Yamma suna cewa gwamnatin da ke danne mutanenta ba ta cancanci kujerar alƙalanci ba, namu kuma suna cewa ƙananan ƙasashe ake tsarewa da tuhuma alhali manya suna wucewa salin alin.

Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, idan aka zalunci innata a ƙauye, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa a cikin waɗannan?" Na yi shiru, domin duk abin da na tanada a kan kujeru ne da ƙuri'u.

Amsar da na samo daga baya tana cikin ƙasarmu. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwar da ake mayarwa "mata ta biyar", kuma a ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, a zamanta na Yamai, ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne gyaran da aka yi wa dokar kotun a 2005, wanda ya yarje wa mutum ɗaya ya kai ƙarar gwamnati kai tsaye ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. A ganina wannan ɗan gyara ya fi yawancin abin da ake ta ja-in-ja a kansa a Jeneba amfani ga talaka, amma ban taɓa ba shi ko minti biyar a aji ba.

Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan ƙofofi rufewa suke yi. Ruwanda da Tanzaniya sun janye izinin da ya bai wa mutanensu damar zuwa kotun Afirka da ke Arusha kai tsaye, mu kuma ficewarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ta raba mu da kotun da ta share wa Hadijatou hawaye. A bana, da labarinta na buɗe darasin, kuma sai da muka kwashe awa guda a kansa kafin na rubuta sunan Jeneba a allo.