Daren da na kwana ina jiran kashin zomo

Zomaye biyu aka ba ’yata kyauta, mace da namiji. Kafin shekara ta zagayo mun raba ’ya’yansu har maƙwabta sun fara cewa a kai kasuwa. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani washegarin haihuwa. Ga namijin, wanda yara ke kira Toka saboda launinsa, ya koyi fesa fitsari a bango da ƙafar duk wanda ya gifta. Tsakar gidanmu a nan Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, ba wani fili gare shi ba. Na ce a yanka shi a huta, yarinya ta yini tana kuka. A nan aka tsaya kan fiɗiya.

Wani maƙwabcina mai kiwon awaki ya ce in kawo ya dandaƙe min shi kamar yadda yake yi wa bunsuru. Allah ya taimake ni na fara tambayar likitan dabbobi. Ya ce zomo ba bunsuru ba ne: ƙofar da ke tsakanin cikinsa da marainansa a buɗe take har ya mutu, in ya tsorata yana iya janye su ciki. Aikin sai da allurar barci, a yanka a ɗaure da kyau, in ba haka ba hanji na iya zurarowa ta wurin.

Kuskurena na farko tun kafin mu bar gida na yi shi. Na saba da cewa wanda za a yi wa tiyata ba ya cin abinci, don haka da asuba na kwashe harawar da ke gabansa. Da muka isa na faɗa wa likita da alfahari. Ya dube ni ya ce, “Malam, wa ya ce ka yi haka?” Ashe mutum da kare ake hana wa abinci don kada su yi amai cikin barcin allura. Zomo ba ya amai sam. Cikinsa kuwa kamar injin niƙa yake, in ya tsaya tashinsa aiki ne. Sai da aka ba shi ganye ya ɗan ci kafin a taɓa shi.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Da la’asar na ɗauko shi a kwali cikin Keke Napep, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari har hasumiyar Gobarau sai ka matso kake ganinta. Likita ya ce bayan allurar barci jikin zomo ba ya riƙe ɗumi, in taɓa kunnuwansa in ji. Na taɓa, sanyi ƙalau kamar randa. Muka shigar da shi ɗaki, uwargida ta cika gorar roba da ruwan ɗumi ta naɗe da tsohon zani, muka ajiye a gefe guda yadda in zafi ya ishe shi zai iya matsawa. Da a watan Afrilu ne, da inuwa da iska za mu nema, don zafin Katsina kaɗai yana iya kashe zomo mai lafiya.

Ni duk hankalina yana kan ciwon. Likita kuwa abin da ya maimaita min sau uku shi ne, “Ka duba bakinsa, ka duba kashinsa.” In ya kai awa 12 bai ci komai ba, in kira shi. In ya kai 24 babu ci babu kashi, kada in tsaya kira, in kawo shi.

Magariba ta yi, isha ta wuce, Toka na tsugune a lungu ya dunƙule, ido rabi a rufe. Na sa masa harawar gyaɗa, ya juya baya. Dusa, ko sansanawa bai yi ba. Can na ji yana gurza haƙora a hankali, wanda aka ce min alamar ciwo ce. Maganin zafin da aka ba ni, meloksikam, an riga an yi masa allurarsa, sai da safe zan ba shi na baki. Wajen ƙarfe goma na jiƙa ɗan abincinsa na buhu ya yi laushi kamar kunu, na zuƙa a sirinji marar allura. Na naɗe shi da tawul, ƙafafunsa a ƙasa, ba a rigingine ba don kada ya shaƙe. Bayan dogayen haƙoran gaba akwai wani gurbi da babu haƙori, ta nan na zura bakin sirinjin daga gefe, in matsa kaɗan in jira ya tauna. Rabin abin a rigata ya ƙare.

Hajiya, mahaifiyata, ta leƙo ta ce, “Kai ɗan nan, yanzu a kan zomo kake hana kanka barci? Ka shafa masa baƙin mai ka ba shi kafso, gobe ya miƙe.” Kafson da take nufi amoksisilin ne, akwai ragowarsa a kan firji, kuma wallahi da ban ji gargaɗi ba da na fasa ɗaya na ba shi. Wannan magani da danginsa na fenisilin, in zomo ya sha ta baki, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa ciyawa a hanji, gudawa ta biyo baya, sau da yawa ba ya tashi. Na ce, “Hajiya, likita ya hana.” Ta ce likitan zomo kuma, Allah ya kyauta, ta koma ɗaki.

Kusan ƙarfe uku na dare na haska fitilar waya a kan farin kwalin da na shimfiɗa masa. Ƙwaya biyar na gani, ƙanana, baƙaƙe, busassu kamar masoro, ba irin manyan nan masu kama da wake da ya saba yi ba. Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan kashi ba. Da gari ya waye yarinya ta miƙa masa ganyen karas da aka yayyafa wa ruwa, ya ja ɗaya ya shiga taunawa. A hannunta ya karɓa. Ni da na matso sai ya buga ƙafar baya a ƙasa ya shige lungu. Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, likita ya yi yanka, ni da na ɗauko shi na kwashi gaba.

Sauran kwanakin babu wani abin labari sosai. Na cire yashi da dusar katako daga ɗakinsa don kada su manne a ciwon, kwali da tsumma kawai, ana canzawa kullum. Safe da yamma ina ɗaga shi in duba: ɗan kumburi na kwana biyu zuwa uku, babu ruwa, babu wari. Na rufe shi da gidan sauro saboda ƙuda, ko da yake a hunturu ba su da yawa. Kwana goma ba tsalle, ba hawa buhu. A rana ta biyu na tsinci wani kashi mai laushi a dunƙule kamar ƙaramin nonon inabi, na tsorata na ɗauka gudawa ce. Ashe irin wanda zomo ke ci kai tsaye daga jikinsa ne, yana samun abinci a ciki, ciwo ne ya hana shi lanƙwasawa ya ɗauka. Shi ya sa ma likita bai so a sa masa abin wuyan da ke hana dabba kai baki jikinta ba sai in ya fara cizon ɗinkin, kuma bai ciza ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne raba shi da macen. Namiji na iya yi wa mace ciki har makonni bayan fiɗiya, likita ya ce in raba su mako shida cif. Na raba kejin da waya, suna ganin juna suna sansanar juna. A mako na uku na dawo daga masallaci na tarar ƙaramin ɗana ya ɗage wayar, wai Toka yana jin kaɗaici. Na rubuta ranar a bangon kicin da gawayi, na ƙirga kwana 35 ina leƙa ko zomanya ta fara tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa. Ba ta tsiga ba. Fesa fitsarin ma sai wajen wata guda ya daina, har yanzu tabon na nan a ƙasan labulen ɗakin Hajiya.