Alfarma da kunya a ofishin edita: amanar buga mujallar aikin jinya a Yamai

Masu aikin lafiya a Yamai ba su da yawan da za su ɓace wa juna. Wanda ya aiko da maƙala ajinku ɗaya a ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, wanda ya dace ya tantance ta unguwarsu guda da shi, sunan da ke ƙarshen jerin marubuta kuwa na malamin da ya koya maka ɗaura ruwa ne. A irin wannan gari ne editan mujallar aikin jinya zai ce wa mutum ba za a buga aikinsa ba, gobe kuma su haɗu a wurin suna ko gaisuwar mutuwa. Shi ya sa nake ganin tun kafin fitowar farko ya kamata mujalla ta rubuta dokokinta ta manna su inda kowa zai gani, don ranar da aka zo neman alfarma edita ya sami abin jingina: "Ranka ya daɗe, ba daga gare ni ba ne, dokar mujalla ce."

Dokokin ba sai an ƙirƙiro su ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, wanda ya samo asali daga taron Vankuba na 1978, ya rubuta su, kuma akwai fassararsu da Faransanci. COPE, kwamitin ɗa'ar buga bincike da aka kafa a Ingila a 1997, tana da zane-zanen da ke nuna wa edita mataki bayan mataki idan ya yi zargin sata ko ƙarya. Abin da ya rage mana shi ne sanin inda suke cin karo da zamanmu.

Wuri na farko shi ne jerin sunaye. ICMJE ta gindaya sharuɗɗa 4, kuma sai mutum ya cika su duka: ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya yarda zai amsa tambaya idan aka sami matsala. Shugaban sashe da ya ba da izinin duba rajista kawai bai cika ko ɗaya ba, wurinsa sakin layin godiya. Amma kowa ya san dalilin da ke sa sunansa ya hau. Ƙarin girma a jami'o'inmu yana bi ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, kuma maƙaloli na cikin abin da ake ƙirgawa. Sai ya zama maƙala ta koma goro: a miƙa wa maigida, a miƙa wa abokin da ya sa ka a tasa bara. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar da ta yi wata shida tana cika takardun tambaya a CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, har ta zauna ta rubuta sashen sakamako, sunanta ne yakan faɗi idan jerin ya yi tsawo.

Maganin takarda ɗaya ce. Kowane marubuci ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ya sa hannu, kuma mujalla ta tura saƙon karɓa ga adireshin kowa, ba ga mai aikowa kaɗai ba. Nan ake gano wanda aka sa sunansa bai ma sani ba. Idan aka nemi ƙara suna ko cire wani bayan an tantance, sai duk marubutan sun amince a rubuce, har da wanda za a cire. Rigimar tsarin sunaye kuwa ba edita ke raba ta ba. Ya dakatar da maƙalar ya mayar da ita ga makarantarsu ko asibitinsu. Haka nan manhajar ChatGPT ba ta shiga jerin. A farkon 2023 mujallar Nurse Education in Practice ta buga sunanta a matsayin marubuciya, daga baya ta gyara ta cire, don inji ba ya iya cika sharaɗi na huɗu. Wanda ya yi amfani da ita ya faɗa a cikin maƙalar, kuma edita ya buɗe kowace madogara da aka ambata, saboda tana ƙago maƙalolin da ba a taɓa rubutawa ba.

Abin da ya fi sunaye nauyi shi ne majinyacin da aka yi binciken a kansa, wanda ba zai taɓa karanta mujallar ba. Mu a ƙasar Hausa ba sai an ba mu labarin nesa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga ciki suka rasu. Daga baya ya fito fili cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watan baya. Darasin edita a nan na aiki ne tsantsa: jimlar "kwamiti ya amince" ba ta isa ba. A nemi kwafin takardar, da lambarta, da kwanan watanta, a gwada shi da ranar da aka fara ɗaukar mutum na farko. Idan izini ya zo bayan an fara, ba izini ba ne. Kuma takardar da likitan gunduma ko daraktan asibiti ya bayar ta shiga wurin aiki ba ta maye gurbin ta kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Marubuta da yawa na haɗa biyun nan cikin rashin sani. Idan gwajin magani ne ko na wata sabuwar hanyar kula da majinyaci, tun 2005 ICMJE ta ce a yi masa rajista kafin a fara, kuma Afirka na da rajistarta, PACTR.

Sai batun yarda. Sanarwar Helsinki ta 1964 a kan ɗa'ar binciken lafiya da ake yi a kan mutane, da aka sabunta a 2024, ta ce sai mutum ya fahimta sannan ya yarda. Takardar yardar da Faransanci take, matar da ke kan gado kuwa Hausa take ji, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko yaren Buzaye. Don haka edita ya tambaya: da wane harshe aka yi bayani, wa ya fassara, idan dangwale aka yi wa ya tsaya shaida? Shaidar bai kamata ya zama ɗan ayarin bincike ba. Izinin miji abu ne da al'ada ta tanada kuma ba a raina shi, amma bai zama yardar matar ba. Ana bukatar tata daban. Idan kuma mai neman yardar ita ce mai yi mata allura safe da yamma, da wane baki za ta ce a'a? Wannan matsala ta binciken jinya ce musamman, don ma'aikacin jinya shi ne ke kusa da gado. Maƙala ta bayyana yadda aka raba aikin biyu. A Nijar, ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na mata na yin aure kafin shekara 18, duk binciken ɗakin haihuwa zai haɗa da ƴan ƙasa da shekarun balaga a doka, sai a faɗi yadda aka yi da su.

Cire suna ma ba ya rufa asiri. A rubuta "ƴar shekara 16, haihuwar fari, yoyon fitsari, an kawo ta daga ƙauye kaza kusa da Tawa a watan Agusta", duk ƙauyen ya san ko wace ce. A mayar da shekaru rukuni, a bar sunan jiha a cire na ƙauye, a share watan. Hoton fuskar yaro mai cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska, kuwa, baƙin layin da ake ja a kan ido ba ya ɓoye kowa. Sai da rubutacciyar yardar iyaye, bayan an gaya musu cewa hoton zai hau intanet kuma ba ya sauka.

Tantancewar masana tana da tata matsalar a gari irin namu. Ana ɓoye sunan marubuci ga mai tantancewa, to, amma idan maƙala ta ce an yi aikin a babban gidan haihuwa na Yamai, wa ya rage bai gane ba? Ballantana fayil ɗin Word yana ɗauke da sunan mai kwamfutar a cikin bayanansa idan ba a goge ba. Abin da ke aiki shi ne masu tantancewa aƙalla 2, ɗaya daga waje, Wagadugu ko Bamako ko Dakar, ko Kano da Sakkwato idan maƙalar da Turanci take. A ba su mako 3 zuwa 4, kuma kafin a tura musu cikakken rubutu su faɗa ko suna da alaƙa da aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai tantancewa da ya riƙe maƙala wata biyar yana kan irin wannan bincike, ko ya cika rahotonsa da "a ambaci aikina kaza", a cire shi daga jeri ba tare da hayaniya ba. Idan marubuci ne ya ba da sunayen masu tantancewa, a nemo adireshinsu ta wata hanya. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙaloli 107 daga mujallar Tumor Biology a lokaci guda, saboda adireshin bogi da ke mayar da maƙala hannun masu ita su yaba wa kansu. Editan da kansa ya rubuta maƙala kuwa, wani ne zai riƙe ta daga farko har ƙarshe, kuma a rubuta haka a ƙasanta.

Masu tantancewa ba su cika lissafi ba, don haka wani a ofis ya ɗauki kalkuleta. Jadawali ya ce mata 120, a tara layukan a gani ko 120 ɗin ne. Kason cikin ɗari ya kai 100? Adadin da ke cikin taƙaitawar maƙala shi ne na cikin jadawali? Awon hawan jini da duk ya ƙare da sifili, ko awon damtsen yara da ya taru cunkus a ƙasa kaɗan da milimita 115, inda ake shigar da yaro shirin tamowa mai tsanani, ba lalle ƙarya ba ne, amma dalili ne na neman ainihin takardun. Manhajar gano satar rubutu tana taimakawa, sai dai ba ta ganin kundin kammala karatun da ke kan kanta a laburare bai taɓa hawa intanet ba, kuma fassara daga Turanci zuwa Faransanci na iya wuce ta. Buga aiki ɗaya cikin harsuna biyu halal ne idan editocin biyu sun sani kuma na biyun ya ambaci na farko. Yanka kundi ɗaya gida huɗu kamar naman tsire don a ƙara yawan maƙaloli, wannan kam yana sa mai karatu ya ƙirga majinyata ɗaya sau huɗu.

Kuɗi a taƙaice: idan mujalla na karɓar kuɗin bugawa, a rubuta adadin a fili, a karɓa bayan an yanke hukunci, kuma mai yanke hukuncin kada ya san wa ya biya wa aka yafe wa. Tallar madarar gwangwani ta jarirai ba ta dace da mujallar da ungozomomi ke karantawa ba. Akwai ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1981 a kan tallarta, kuma BMJ, mujallar likitanci ta Ingila, ta daina karɓa a 2019.

Bayan an buga, nan kunya ta fi kama edita, don yanzu kuskuren nasa ne shi ma, zuciya kuma na cewa a bar kaza cikin gashinta. Ɗauki maganin jijjigar masu ciki, magnesium sulfate. Kashin farko ta jijiya giram 4 ne, wato mililita 8 na ruwan mai ƙarfin kashi 50, a sirka shi. Idan wajen shirya shafi "4 g" ya koma "4 ml", ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauki hoton jadawalin ta tura wa abokan aiki ta WhatsApp ta yaɗa rabin kashi. Irin wannan ba ya jiran fitowa ta gaba: a gyara a intanet a ranar, a fitar da sanarwar gyara mai nuna abin da aka canza, a haɗa ta da maƙalar. Idan zargi ne mai ƙarfi kuma bincike na kan hanya, a fitar da sanarwar damuwa. Idan sakamakon ya rushe, ko ta kuskure ko ta ƙarya, a janye. Janyewa ba gogewa ba ce: maƙalar na nan, an buga mata "an janye" a kowane shafi, da sanarwa mai faɗin dalili da wanda ya janye, ba tare da zagi ba. Mujallar The Lancet ta buga maƙalar wani likitan Ingila, Wakefield, mai alaƙanta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga a 1998, ba ta janye ta gaba ɗaya ba sai 2010, shekara 12 iyaye na gudun allura.

Edita ba alƙali ba ne, ba ya korar kowa daga aiki. Ya fara rubuta wa marubucin cikin ladabi ya nemi bayani da ainihin bayanan, ya sa wa'adi. In amsa ba ta gamsar ba, ko ba ta zo ba, ya rubuta wa shugaban makarantar ko asibitin. Wanda ya kawo ƙorafin, sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne da ke ƙarƙashin wanda ake zargi, sunansa ba ya fita daga ofis. Duk wasiƙun nan a adana su wuri biyu, ɗaya a adireshin mujalla ba a wayar edita ba, saboda editoci na canzawa, ƙorafi kuma kan zo bayan shekara uku ko huɗu da bugawa.