Daga Tawa zuwa kufan Surame

Tun ina yaro a Tawa nake jin kakana yana cewa ƙasarmu ta Adar ta taɓa zama a hannun Kanta, Sarkin Kabi. Ban ga inda Kantan ya zauna ba sai wani hunturu can baya, lokacin da hanya ke da lafiya. Ni da kawuna muka yi sammako, muka bi ta Ƙonni da Illela, muka kwana Sakkwato. Washegari mota ta aje mu Binji, ƴan kabu-kabu suka ƙarasa da mu cikin daji.

Surame ba ta nuna kanta daga nesa. Kana cikin sabara da ƙaya, sai kawai ka ga jajayen duwatsu a ɗore bisa juna, ganuwa bayan ganuwa, wani wuri ta fi tsawon mutum, wani wuri ta zube har awaki na tsallakewa. Wani dattijo na ƙauyen kusa ya shige mana gaba. Da muka hau tudun da ya ce nan ce fada, ya juyo gare ni: "Ɗana, taka a hankali, gidan sarki kake."

Nan muka zauna ya ba mu labari. Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songai yaƙin Agadas, aka saɓa wajen rabon ganima, ya ɓalle wajen 1516, Askiya kuma ya kasa maido shi. Kanta ya tara ƙasashen da ya ci suka gina masa birnin nan. Dattijon ya ce Nufawa sun makara, sai aka hana su ruwa, aka sa su kwaɓa ƙasar gininsu da man kaɗe.

Ni kuwa hankalina na gida. Sai 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta fita hannunsu. Ke nan ba mamaki kakanninmu ma sun ɗauko dutse a ka nan wurin. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, ganin tun 1964 Najeriya ta sa wurin cikin kayan tarihinta, amma saiwoyin itace na ta tsaga bangon.

Kafin mu sauko kawu ya ce, "Baba, kai ni ginin Nufawan." Dattijon ya kai shi. Kawu ya durƙusa, ya murza ƙasar da ke tsakanin duwatsun da yatsa, ya kai hanci, ya daɗe bai tashi ba.