Yadda na sa wa tarihin ƙauyenmu shekaru

Na yi rani biyu ina tattara tarihin ƙauyenmu a ƙasar Kano. Samun labari bai yi wuya ba, kowane tsoho yana da shi buhu-buhu. Sa masa shekara shi ne aikin. In ka tambayi dattijo yaushe aka haƙa tsohuwar rijiyar bakin kasuwa, zai ce "ai ta fi shekara ɗari", kuma haka zai ce game da masallaci, da kukar ƙofar gari, har da kansa. Ɗari a bakinsa tana nufin an daɗe.

Na daina tambayar shekara, na koma tambayar zamani: wane sarki ne a Kano lokacin? Nan tsofaffi ba su cika kuskure ba. Sai na rubuta jerin sarakunan a takarda guda na riƙa yawo da ita a aljihu: Alu ne a kan gado da Turawa suka ci Kano a 1903, Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. A ƙarƙashinsu na ƙara abubuwan da ba mai mantawa: basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, isowar layin dogo Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kisan Sardauna a 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, fitowar naira da babban fari a 1973. In tsohuwa ta ce an kai ta ɗaki da damina biyu kafin a kashe Sardauna, ka sami 1964 ke nan ba tare da ta ambaci lamba ba. Amma ka kula da sunan yunwa. Yunwa ɗaya takan sami suna dabam a gari dabam, kuma wasu sukan kira kowace tsohuwar yunwa Kakalaba. Tambayi abin da aka ci, da inda aka tafi neman hatsi, da ko a jirgin ƙasa aka kawo shi.

Jerin dagatai shi ya fi ɓata mini lokaci. Wanda gidan sarauta ya ba ni ya zo a miƙe, ɗa ya gaji uba, babu tangarɗa. Da na raba shekarun da yawan sunayen sai na ga kowane dagaci ya yi kusan shekara 50, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Dalili uku ne. Wanda aka tuɓe, ko wanda bai daɗe ba, ko wanda ya fito daga ɗakin da ba ya riƙe da sarauta yanzu, akan tsallake shi. "Ɗansa ne" kuma tana iya zama jika ko ɗan ƙane. Sannan mutum biyu masu suna ɗaya sukan narke su zama ɗaya. Maganinsa makaɗin gidan. Kirari ba ya barin a cire suna cikin sauƙi, don kiɗan zai karye. Na sa shi ya yi kirarin da ganga a hannu, sau biyu a ranaku dabam, sai ga sunayen da aka ɓoye sun fito. Tsofaffin mata na cikin gida su suka warware mini wa ya haifi wa, don su ke riƙe da lissafin ɗakuna.

Kuskurena na farko shi ne tara dattawa a zauren dagaci. Mutum ɗaya ya yi magana, saura suka yi ta "haka ne, ranka ya daɗe". Ka fara gaida dagaci ka nemi izini, wannan dole ne, amma hirar ka bi kowa gida shi kaɗai. Maƙeri, da mahauci, da wanzami, da Fulanin ruga, da zuriyar waɗanda aka tarar a wurin, kowa da nasa farkon garin. Batun asalin bauta kuwa kada ka tono shi, in mai shi ya kawo da kansa ka saurara, kuma kada ka buga da suna.

Rani ne lokacin aikin, bayan an kai amfani gida, da hantsi ko bayan la'asar. Waya ta isa ɗaukar murya, amma iskar hunturu ta lalata mini hira guda sukutum a gindin bishiya, tun daga nan sai cikin zaure, wayar a kan tabarma kusa da mai magana. Faɗi sunansa da ranar a farkon ɗauka. Kada hira ta wuce awa ɗaya, kuma ka sani rubuta awa ɗayan nan zai ci maka wuni. Goro da ɗan abin sabulu sun wadatar, in ka fara biyan kuɗi labari zai fara tsawo.

Littattafan gidan liman sun ba ni abin da baki bai bayar ba. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen shafi ko a bangon littafi, da shekarar Hijira. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da ta Miladiyya da ratar shekara ɗaya: 1321 ta ba ka 1903. Ɗauki hoto a inuwa, kada ka nemi aro.

Na ƙarasa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi suke. Je da sunan gundumar ta da, ba ƙaramar hukumar yau ba, kuma ka gwada rubuta sunan ƙauyen ta hanya uku ko huɗu, don joji, wato Baturen mulkin da ke rubuta rahoton, yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Tarihin da ke cikin rahoton ma daga bakin hakimi ta hanyar tafinta ya fito, don haka na ajiye shi a sahu ɗaya da sauran hirarrakin. Adadin masu biyan haraji da sunan dagacin wannan shekarar kaɗai na ɗauka yadda suke.